Alƙalin da Ba Wanda Ya Naɗa

Kowa da irin jarabarsa. Wani goro, wani ƙwallo, wani kuma in bai yi gardamar siyasa ba abinci ba ya faɗa masa. Tawa ba ta kai ma a je da ita gaban malami neman addu'a ba, don kunyar faɗi: ba na iya barin finafinan Yash Chopra su zauna lafiya. Sai na jera su. Wannan na ɗaya, wannan na biyu, wancan kuma ya gangara na bakwai saboda wani laifi da na gano masa daren jiya. Bawan Allah ya ba da umarnin finafinai 22 daga 1959 zuwa 2012, ya mutu, danginsa sun yi makoki sun watse, ni kuwa ga ni a Kano da furfura a gemu ina ta yanke hukunci a shari'ar da babu mai ƙara, babu wanda ake ƙara.

Ba ni na kawo fim ɗin Indiya ƙasar nan ba, tarar da shi na yi. Manyanmu sun kalla a Plaza da Orion da Wapa da El Dorado, mu ma mun riski ƙarshen zamanin, sannan kaset ya zo, faifai ya ture shi, yanzu komai ya koma cikin waya har da fassara. Amma mai hankali in ya je kallo abu uku yake nema: akta ya sha wuya, bos ya mutu, a yi waƙa mai daɗi a tsakani. Sunan darakta yakan wuce ne ana neman wurin zama ana cinikin gyaɗa. Ranar da na fara tsayawa karanta sunayen nan na farkon fim, ranar na ɗebo ruwan dafa kaina. Na lura suna guda ne ke fitowa a fim ɗin ɗan dakon tashar jirgin ruwa mai zafin zuciya, shi ne kuma a fim ɗin da mace ke rawa cikin ƙanƙara da ɗan siririn sari. Na ce ba zai yiwu mutum ɗaya ya yi duka biyun su zo kai ɗaya ba, dole wani ya fi wani. Tun daga wannan "dole" ban sake samun sukuni ba.

Ina da littafi. Irin na 'yan makaranta ne mai layi-layi, na raba kowane shafi gida huɗu: labari, wasa, waƙa, hoto, kowanne maki 10. Na tsara haka ne don in gamsar da kaina cewa abin nan ilmi ne, ba son rai ba. Amma duk wanda ya buɗe zai ga gogewa ta fi rubutu yawa. Idan na tara lissafi na ga fim ɗin da nake so ya faɗo na biyar, ba na karɓar ƙaddara. Komawa nake in ƙara masa maki biyu a gidan hoto, in ce ai da ban lura da yadda aka haska fuskar Waheeda Rehman ba. Na taɓa ƙirƙiro gida na biyar na sa masa suna "tasiri" don kawai in ƙwato Chandni daga hannun Kabhi Kabhie. Da buƙata ta biya na soke gidan.

Littafin nan ya kusa jawo mini yaji. Uwargida ta tsince shi ƙarƙashin matashi tana gyaran ɗaki, tsautsayi kuma ya sa ta buɗe daidai shafin da na jera taurarin mata. Na dawo daga masallaci na same ta a bakin gado, littafi a cinya, fuskar nan ba annuri.

"Malam, wace ce Chandni?"

Na ce ai fim ne.

"Fim ne aka ba shi tara da rabi? To ita Zaara fa, da aka ba goma har da jan layi biyu a ƙasa? Ni nawa aka ba ni?"

Sai da na kunna mata ta gani da idonta sannan ta sauko. Da ta tabbatar ba kishiya ba ce, maimakon ta yi murna sai ta bi ni da kallon tausayi, ta ce, "Da ma budurwar ce, da na san maganin abin." Yanzu in ta ga na ɗauki biro bayan isha'i sai ta ce wa yara su rage surutu, Abbansu ya shiga kotu.

A majalisa, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba, Deewaar na 1975 shi ne na ɗaya. Kuma ba ƙarya nake ba, fim ne da babu inda za ka tashi ka zaga ka dawo ba ka yi asara ba. Uba shugaban ƙungiyar ma'aikata ne, masu kuɗi suka riƙe iyalinsa suka tilasta masa sa hannu a takardar da ta sayar da abokan aikinsa, kunya ta kore shi daga gari. Fusatattun mutane suka kama babban ɗansa suka yi masa rubutu a damtsen hannu da ba ya gogewa, wai ubansa ɓarawo ne. Uwar, Nirupa Roy, ta kwashi 'ya'yanta biyu zuwa Bombay, tana ɗaukar bulo a wurin gini, suna kwana ƙarƙashin gada. Babban ya kama goge takalmi don ƙaramin ya yi boko. Ƙaramin, Shashi Kapoor, ya zama ɗan sanda. Babban, Amitabh Bachchan, ya tashi daga dako ya zama ɗan fasa-ƙwauri. Inda za a ƙare ko yaro ya hango. Hanyar da aka bi aka kai can ita ce abin kallo.

Wurare biyu nake kafa hujja da su. Na farko, yaro mai goge takalmi ya gama aiki, mai takalmin ya jefa masa kuɗi a ƙasa, yaron ya ƙi sunkuyawa, ya ce a ɗauka a miƙa masa a hannu. Shekaru suka shuɗe, ubangidan mutumin nan ya ɗauke shi aikin fasa-ƙwauri, ya wurga masa damin kuɗi a kan tebur, shi kuma ya tuna masa cewa halin nan na nan. Ba a yi dogon bayani ba, ba a sa kiɗan tausayi ya cika kunne ba, amma ka gama sanin ko wane ne. Na biyu, 'yan karɓar kuɗin dole na tashar suna can suna nemansa lungu-lungu, ashe yana zaune cikin sitonsu ya miƙe ƙafa yana jiransu. Ya tashi ya garƙame ƙofa da kwaɗo, ya jefa wa ubangidansu makullin ya ce ya adana a aljihu, shi zai zo ya ciro da kansa. Da aka gama dambe bai fito yana taƙama ba, tangaɗi yake har ya kai bakin famfo ya tara kansa. Darakta da ya san aktansa na gajiya, wannan ya san aiki.

A shekarar da Sholay ya fito ne fa, amma Deewaar ne ya lashe kyautar Filmfare ta gwarzon fim da ta darakta, Sholay ya tashi da guda ɗaya tak ta tace hoto. Sai dai alƙalan suka hana Amitabh kyautar gwarzon jarumi suka ba Sanjeev Kumar saboda Aandhi, Shashi Kapoor kuma ya tafi gida da ta mataimaki. Duk sanda zuciyata ta tuhume ni da maguɗi, wannan nake tunawa in ji sanyi: alƙalan Bombay ma ba su fi ni tsoron Allah ba.

Na biyu da na uku a jerin majalisa Kaala Patthar ne da Trishul, suna musayar kujera gwargwadon yadda na tashi. Kaala Patthar na 1979 an gina shi ne kan bala'in mahaƙar kwal ta Chasnala, inda ruwa ya ɓalle cikin rami a Disambar 1975 ya hallaka ma'aikata sama da 370. Amitabh kyaftin ne na jirgin ruwa da ya tsere ya bar fasinjoji cikin guguwa, ya zo ya binne kansa a ramin kwal yana hukunta kansa da hannunsa, ga Shatrughan Sinha ɗan fursunan da ya gudo yana hura masa hanci. Trishul na 1978 kuwa ɗa ne da uba ya watsar da uwarsa don ya auri 'yar masu kuɗi, ya girma ya zo Delhi ya kafa kamfanin gini da niyya ɗaya, ya durƙusar da uban. Sanjeev Kumar da ya fito a uban haihuwar 1938 ne, Amitabh kuma 1942. Shekara huɗu ce tsakanin uba da ɗa, amma har fim ya ƙare ba za ka yi musu ba.

Kun ga jeri ne da namiji zai faɗa a teburin mai shayi ya bugi ƙirji. Gumi, kwal, siminti, ɗaukar fansa. Ba mai yi maka dariya.

Wanda ya fara tona ni wani abokina ne tela, ya fi ni kallo nesa ba kusa ba amma bai taɓa rubuta ko harafi ba. Ina cikin zuba, ko kai bai ɗago daga keke ba ya ce, "Mutumina, ukun nan da kake ɗagawa ai ba na Chopra ba ne, na Salim da Javed ne." Abin haushin, maganar tana da ƙafa. Salim Khan, mahaifin Salman Khan, da Javed Akhtar su suka rubuta duka ukun. Su ne kuma suka rubuta wa Prakash Mehra Zanjeer a 1973, suka rubuta wa Ramesh Sippy Sholay, suka rubuta wa Chandra Barot Don a 1978, kuma fusataccen Amitabh ɗin nan yana bin alƙalaminsu duk gidan da suka shiga. Tela ya cije zare ya ƙara da cewa abin da yake na Chopra na kansa shi ne ƙanƙarar nan da furanni da kukan masoya, wato kayan da nake turawa ƙasan shafi. Wanzami ba ya son jarfa. Ɗinkin sallar shekarar wani wuri na kai, aka ɓata mini wuyan riga, na sa abata haka na tafi idi don kada a ce na yi nadama.

Amsar da ya kamata in ba shi sai da na kwanta ta zo mini, yadda amsoshin kirki suka saba. Tun kafin Salim da Javed su shigo rayuwarsa, Chopra ya yi Ittefaq a 1969: gida ɗaya, dare ɗaya, babu waƙa ko guda, Rajesh Khanna ya gudo ana zarginsa da kashe matarsa ya faɗa gidan da Nanda take ita kaɗai. Ɗan Indiya ya riƙe ka a kujera ba tare da an zaga bishiya ba, ai wannan ba aron gwaninta ya yi ba. Ya yi Waqt a 1965, girgizar ƙasa ta tarwatsa gidan attajiri, 'ya'ya uku suka tashi a hannu uku, kotu ta haɗa su a ƙarshe. Duk finafinan ɓata-da-haɗuwa da suka cika silima daga baya sun sha a wannan rijiya. Kafin su akwai biyun farko, waɗanda ya yi ƙarƙashin yayansa B. R. Chopra. A Dhool Ka Phool na 1959 wani dattijo Musulmi ne ya tsinci jaririn da aka yar a daji ya rene shi, jama'a na tsangwamarsa. A Dharmputra na 1961 ɗan Musulma ne ya tashi a gidan Hindu bai sani ba, ya girma ya fi kowa ƙin Musulmi a daidai lokacin raba ƙasa. Mutumin da aka haifa a Lahore a 1932, ya wayi gari a 1947 garin haihuwarsa ya koma Pakistan, ba a littafi ya karanta wannan ciwon ba. Sai dai in za a bi gaskiya, biyun nan ina ambatonsu ne a taro don a san na kalli baƙi-da-fari. In dare ya yi ba su nake nema ba.

Mafi munin alamar ciwon ita ce gyara. Ba na iya jin an jingina wa Chopra fim ɗin da ba nasa ba in haɗiye. A wata walimar aure wani saurayi, ɗan mutunci, ya gaishe ni har ƙasa, aka ce masa ai Kawu masanin Yash Chopra ne, yaro ya washe baki ya ce shi duk a finafinansa ya fi son Dilwale Dulhania Le Jayenge. Dattijon kirki sai ya ce madalla, ya ci gaba da cin shinkafarsa. Ni na ajiye cokali. Na ce ɗana, zauna. Na sanar da shi cewa ɗansa Aditya ne ya ba da umarnin wannan a 1995 yana ɗan shekara 24, uban kuɗi ya zuba. Na ce haka Mohabbatein na 2000, haka Rab Ne Bana Di Jodi na 2008, duk na ɗan ne. Kuch Kuch Hota Hai kuma da nake hangowa a bakinsa na Karan Johar ne, ba ma gidan ba ne. Na bayyana masa bambancin tambarin kamfanin Yash Raj da kujerar darakta. Yaro na ta "haka ne Kawu, haka ne Kawu," idonsa na kan ƙofa. Kafin in kai ƙarshen darasi an kwashe kwanuka, ango ya tafi, ban ko yi masa Allah sa alheri ba. Kuma ba kishin gaskiya ne kaɗai ke tunzura ni ba. Fim ɗin da yaron ya ambata, wanda sinimar Maratha Mandir ta Mumbai ta shafe shekara da shekaru tana nunawa, da a ce na uban ne da ya hargitsa mini littafi. Gyaran da nake yi tsaron ƙofa ne.

Tsakiyar jerin ita ce mai rigima, kuma a nan majalisarmu ke ɓata mini lissafi, don su ba maki suke bayarwa ba, fatawa suke. Na kawo musu Silsila na 1981: Amitabh ya auri Jaya don rufa asiri bayan yayansa matuƙin jirgin yaƙi ya mutu ya bar ta da ciki, alhali zuciyarsa na wurin Rekha. Ina ƙoƙarin bayanin gonakin furannin Holan da kiɗan Shiv-Hari, wani ya katse ni: "To me ya hana shi haɗa su?" Na ce ai ita ma ta yi aure, mijinta likita ne. Ya ce, "Au, to wannan sai istigfari," aka rufe shari'a. Daag na 1973, fim na farko da Chopra ya yi da kamfaninsa na kansa, shi suka ɗora a sama baki ɗaya, saboda a ƙarshe Rajesh Khanna ya zauna da Sharmila Tagore da Raakhee a gida guda. A cewarsu shi kaɗai ne ɗan Indiyan da ya dawo hayyacinsa.

Lamhe na 1991 ya fi ba ni dariya. Anil Kapoor, an aske masa gashin baki, ya so macen da ta girme shi, ta auri wani, ita da mijin suka mutu suka bar jaririya. Yana Landan yana aiko kuɗin renonta, ta girma ta fito sak uwarta, Sridevi ce ta fito a duka biyun, ta kuma ce ita shi take so. Masu kallo a Indiya suka ga abin ya yi musu nauyi, fim bai yi kasuwa a gida ba, duk da ya karɓu a waje, ya ci kyautar Filmfare ta gwarzon fim, kuma shi kansa Chopra ya sha nuna cewa ɗan gaban goshinsa ne. Na gama tsara wannan doguwar muhawara, wani dattijo a cikinmu ya gyara zama ya ce, "Ya auri uwar?" Na ce a'a. "Akwai jini ko nono a tsakani?" Na ce babu. Ya ce, "To a kawo goro mana." Abin da ya girgiza Bombay, a bakin masallacinmu bai kai tsawon shan kofin shayi ba.

Ƙasan jerin ba ya ba ni wahala. Faasle na 1985 da Vijay na 1988 da Parampara na 1993 suna can suna riƙe da juna, Joshila na leƙensu daga sama kaɗan. Mashaal na 1984 da ya faɗa cikinsu in ba don wuri guda ba, inda Dilip Kumar ke tsakiyar titi da tsakar dare yana roƙon motoci su tsaya matarsa na mutuwa a gefen hanya, ba wanda ya taka birki. Darr na 1993 na ba shi matsayi mai kyau saboda abin da ba a saba gani ba, bos ya cinye akta: Sunny Deol ne jarumi, amma Shah Rukh Khan mai in'ina da ciwon so aka fito ana kwaikwayo. Dil To Pagal Hai na 1997 kuwa mutane ne masu kyau a ɗakuna masu kyau, ba wanda ya taɓa tambayar kuɗin cefane; waƙoƙi ne suka yi masa beli.

Jab Tak Hai Jaan ya sa ni a tsaka mai wuya. Mota ta buge jarumi sau biyu a Landan, budurwa ta yi wa Ubangiji alkawarin rabuwa da shi in ya rayu, shi kuma ya yi fushi ya tafi soja yana kwance bama-bamai ba rigar kariya. Ko kiɗan A. R. Rahman bai iya ɗinke wannan ɓarakar ba. Amma zazzaɓin dengi ya kashe Chopra ranar 21 ga Oktoba 2012, fim ya fito ranar 13 ga Nuwamba, waƙar da ya yi niyyar ɗauka a Suwizalan ma ba a ɗauka ba. Ita ce ƙasar da ya koma yi wa hidima bayan rikici ya rufe masa Kashmir, har mutanen Interlaken suka kafa masa mutum-mutumi a 2016. Wa zai iya jefa aikin ƙarshe na mamaci a lamba 19? Na ba shi ta 10. Uku daga cikin makinsa na ta'aziyya ne.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jerin da na karanto muku na majalisa ne. Akwai wani, ba a littafi yake ba, kuma a cikinsa Veer-Zaara na 2004 ne a sama, ba na yau ba, ba na jiya ba. Ni da finafinan nan tamkar mai mata huɗu ne da ke rantsuwa da Allah yana adalci, alhali har akuyar gidan ta san mowa ta san bora.

Na san laifuffukansa fiye da masu zaginsa. Ya haura awa uku. Tsufan da aka yi wa Shah Rukh Khan farin gari ne aka barbaɗa masa a ka, mutumin da bai wuce hamsin da 'yan kai ba yana tafiya sai ka ce ya ga zamanin Turawa. Lauya a shari'arta ta farko ta kayar da tsohon hannu. Labarin ma Aditya ne ya rubuta, wato zargin da tela ya yi wa Deewaar ya hau kansa daram. Malamin majalisarmu kuma ya tuna mini cewa auren Musulma da wanda ba Musulmi ba bai halatta ba, ban kuwa yi musu ba, don gaskiyarsa ce. Duk na amince. So hana ganin laifi aka ce, ni nawa son yana gani sarai, kawai ba ya hukunci ne.

Matuƙin jirgin ceto na sojan saman Indiya ya ciro wata 'yar Lahore daga hatsarin mota, ita kuma ta tsallako ne don cika wasiyyar tsohuwar da ta rene ta. Ya bi ta Pakistan duk da ya san an yi mata miji, mahaifiyarta ta zo har masaukinsa ta roƙe shi ya tafi, ya ce to. A hanyar komawa angon ya sa aka kama shi da sunan ɗan leƙen asiri, aka ba shi zaɓi: ya sa hannu ya amsa sunan da ba nasa ba, ko a jefa rayuwar yarinyar cikin ƙunci. Ya sa hannu. Shekara 22 a kurkuku bai buɗe baki ba. Wurin da ke karya ni ba haɗuwarsu a kotu ba ne, can farko ne, inda Rani Mukerji ta shiga ɗakin da kowa ke kiransa da lamba, ita ta kira shi da cikakken sunansa, ya ɗago kai a hankali. Kiɗan kuma na mamaci ne: Madan Mohan ya mutu a 1975 ya bar karin waƙoƙin da ba a yi amfani da su ba, ɗansa Sanjeev Kohli ya tono su ya raya, aka kira Lata Mangeshkar tana da shekara 75 a duniya ta rera wa budurwa. Wannan duk ba ya shiga gida huɗun littafina. Shi ya sa a rubuce fim ɗin yake na shida, goma mai jan layi biyun nan kuma na ɓoye ta a shafin mata inda na zaci ba mai dubawa.

Na taɓa neman hanyar sulhu irin ta lauyoyi. Lambar tagullar da Amitabh ke ɗaurawa a damtse a Deewaar 786 ce, lambar fursuna ta Veer ma 786, adadin da Musulmin can ke ɗauka a matsayin lissafin haruffan Bismillah. Na ce ashe fim ɗaya ne aka raba biyu, sai su yi tarayya a kujerar farko. Ko ni da na kawo hujjar ban yarda da ita ba.

Kallonsa sai gida ya yi barci. In tura ƙofa, in sa abin ji a kunne, in rage hasken waya. In an kama ni da jan ido, hayaƙin maganin sauro ne. Da haka nake ta sha har daren da 'yar autata ta fito shan ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni, ta dubi kusurwar da ake ajiye maganin, ba ko toka.

"Abba, yau ma maganin sauron ne?"

Na ce wuce ki kwanta, gobe akwai makaranta.

Saboda haka ga hukunci, a rubuce, da hannun alƙali: Deewaar ya fi kyau, Veer-Zaara na fi so, kuma in aka ce gobe za a ƙone guda a bar mini guda, zan yi wa Deewaar kyakkyawan jawabin bankwana. Roƙona ga mai karatu ɗaya ne. Wanda ya san telan nan, don Allah kada ya karanta masa wannan shafin. Salla ta matso, kuma duk garin nan shi kaɗai ya iya wuyan rigata.